Star Wars kimiyya ce ko tatsuniya? Ku raba mu gardama

Baban Hanifa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ku raba ni gardama da 'yata. Jiya da dare muka zauna kallon Star Wars, na farkon nan na 1977, sai ta ce wai fim ɗin kimiyya ne. Na ce mata sam, tatsuniya ce aka sa mata rigar ƙarfe. Ku duba fa: maraya yana zaune a bayan gari, tsoho mai asiri ya miƙa masa takobin ubansa, gimbiya tana tsare a hannun azzalumai, ga wani baƙin barde da ya rufe fuska. Cire kumbunan ka sa dawaki, me ya ragu? Buɗe labarin ma irin na "ga ta nan ga ta nanku" ne, wai can da daɗewa a wata duniya mai nisa. Ita kuwa ta kafe, wai ai akwai mutum-mutumi da taurari da bindigar haske. Haka muka kwana, da safe gaisuwar ma a daƙile na same ta. To masana, ina iyakar take? Me ke sa a ce wannan labarin kimiyya ne, wancan kuma almara?

Ɗan Fizis: Wa alaikumus salam. Baba, kai ke da gaskiya, Hanifa ta yi haƙuri. Abu ɗaya ma ya isa hujja: ƙara. Sauti ba ya tafiya sai ya sami abin da zai bi, iska ko ruwa ko ƙarfe, sararin samaniya kuwa fayau yake. Amma a fim ɗin nan kumbo na wucewa kana jin gurnaninsa, a harbo shi ka ji rugugi kamar an fasa dutse. Ga su suna karkata suna shawagi irin na jirgin yaƙin da iska ke tallafe da fukafukansa. Ku nemi 2001: A Space Odyssey na 1968, wanda Stanley Kubrick ya yi tare da Arthur C. Clarke. Da mutum ya fita daga kumbo sai komai ya yi tsit, ba ka jin komai sai numfashinsa cikin kwalkwali. Ran da na fara kallo na zaci lasifikata ce ta mutu, har na tashi ina taɓa waya. Wannan shi ake kira fim ɗin kimiyya.

Anti Mai Littafi: Ƙanena Ɗan Fizis, in da wannan sikelin za a auna, to ba wanda zai tsira, har iyayen gidan. Jules Verne ya rubuta tafiya zuwa wata a 1865, ya zuba mutum uku cikin harsashi ya harba su da ƙatuwar igwa. Ka fi ni sanin cewa wannan fizgar za ta niƙe su tun ba su fita bakin igwar ba. H.G. Wells ya ƙera na'urar ratsa zamani a 1895, bai gaya wa kowa da me take aiki ba. Ko The Martian da ake yaba wa lissafinsa, guguwar da ta tayar da labarin ba mai yiwuwa ba ce, don iskar Mars ba ta kai kashi 1 cikin 100 na nauyin tamu ba. Marubucin, Andy Weir, da bakinsa ya ce ya sani, ya bar ta ne don labari ya tashi. To duk mu kore su?

Ni a ganina ba daidaiton lissafi ake bi ba. Abin dubawa shi ne, in abin mamaki ya faru a labari, ga me aka jingina shi? Ɗauki Frankenstein na Mary Shelley, na 1818, wanda da yawa ke cewa daga shi aka faro. Saurayi ya harhaɗa jiki ya sa shi motsi. Da a tsohon salo ne, da an kira aljani ko an karanta ɗalasimai. Ita kuwa sai ta tura shi jami'a ya karanci sinadarai da sassan jiki, ya riƙa kwana cikin gawarwaki yana nazarin yadda nama ke ruɓewa. Ba ta faɗi sirrin ba, amma ta nuna ilmi ne, wani ma in ya bi hanyar zai isa. A almara iko na zaɓaɓɓe ne, ko ya gada ko an yi masa baiwa. A labarin kimiyya iko na duk wanda ya koya ne, mutumin kirki ko ɗan iska, shi ya sa ma tsoronsa ya fi daɗewa a rai.

A kan wannan, Baban Hanifa, ka ci rabin gardama, don ƙarfin nan da jaruman Star Wars ke ɗaga abu da shi ba kowa ke samu ba, sai mai rabo. Ɗaya rabin na Hanifa ne. Masu harkar sun daɗe da ware reshe guda na yaƙin dauloli a tsakanin taurari, kuma a ɓangaren kimiyya suke jera shi.

Baban Hanifa: Rabi kuma, Anti? Na zo neman hukunci kin yi mana sulhu.

Ƙanwar Gizo: Ni tambayata daban ce, ku yi haƙuri in na karkatar da zance. Ina ɗan taɓa rubutu, kuma kullum in aka tambaye ni wane iri nake rubutawa sai baki ya ɗaure. In na ce almara, a zaci labarin sarakuna da aljanu. In na ce ƙagaggen labarin kimiyya, a zaci kumbo. Na san Turawa suna da laima guda da ta rufe su duka, kimiyya da almara da ban tsoro da sauransu. Mu me za mu kira ta?

Anti Mai Littafi: Laimar tasu ma ba da faɗinta aka haife ta ba. Robert Heinlein ya yi amfani da kalmar, wato "speculative fiction", a wata maƙala a 1947, ma'anarta labarin hasashe, kuma shi labarin kimiyya kawai yake nufi. Daga baya aka yi ta ja mata baki har ta rufe duk labarin da ya saɓa wa duniyar da muka sani. Har yau ba su gama faɗa a kanta ba. Margaret Atwood, mai The Handmaid's Tale na 1985, ta dage cewa nata hasashe ne ba kimiyya ba, hujjarta ita ce ba ta sa komai a littafin ba sai abin da ɗan'adam ya taɓa aikatawa a wani wuri a tarihi. Ursula Le Guin kuwa ta ɗan zolaye ta cewa gudun unguwar marubutan kimiyya take yi, kar manyan masu sharhi su raina ta. "Labarin hasashe" bai yi laifi ba, sai dai a kunnena yana kama da hasashen yanayi.

Ƙanwar Gizo: To ni ga tawa shawarar: labaran "da a ce". Don na lura kowannensu da wannan kalmar yake farawa ko da ba a rubuta ta ba. Da a ce an ƙera kaza, wannan kimiyya. Da a ce sihiri na aiki kuma yana da doka, wannan almara. Da a ce Jamus da Japan ne suka ci yaƙin duniya na biyu suka raba Amurka a tsakaninsu, ga The Man in the High Castle na Philip K. Dick, 1962, tarihin da aka juya wa akala. Da a ce abin da muke gani yau ya ci gaba a haka har ya kai maƙura, ga 1984 na George Orwell, inda allon da kake kallo shi ma yana kallonka.

Ɗan Fizis: Yaya, wannan suna ya zauna. Na karɓa.

Kawu Sarkin Musu: Ni fa tun ɗazu ina karanta ku ina girgiza kai. Manya da ku, kun zauna kuna rarrabe ƙarya gida-gida, wannan ƙaryar ƙarfe, waccan ƙaryar tsafi. Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Sannan ke 'yata da kika kawo "da a ce", kin manta hadisi ya zo a Sahihu Muslim cewa "lau" tana buɗe aikin Shaiɗan? Ga shi kun ɗauki kalmar ɗungurungum kun mayar da ita sunan sana'a. A bar yara su karanta tarihi da abin da zai amfane su.

Ɗalibin Zaure: Kawu, Allah ya ƙara girma, a yi mini izini in ɗan sa baki. Hadisin gaskiya ne, amma a duba inda ya sauka. Magana ce a kan wanda musiba ta same shi ya zauna yana cewa da na yi kaza da kaza bai faru ba, wato jayayya da ƙaddara. Ba a hana mutum ƙaddara mas'ala don ya fahimci wani abu ba. Littattafan fiƙihu cike suke da "idan da mutum zai yi kaza, mene ne hukuncinsa", har da abubuwan da ba su faru ba a zamanin masu rubutun.

Kuma wannan fage malamanmu sun riga Turawa shiga. Ibnu Ɗufail na Andalus, a ƙarni na 12, ya rubuta Hayyu bin Yaƙzan. Da a ce jariri ya tashi shi kaɗai a tsibiri, ba uwa ba uba ba malami, barewa ce ta shayar da shi, shin hankalinsa zai kai shi ga sanin Mahalicci? Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne inda barewar ta mutu. Yaron ya kira ta ba ta amsa ba, ya duba ido da kunne bai ga abin da ya toshe ba, sai ya tsaga ƙirjinta yana neman abin da ya lalace don ya gyara. Ya isa zuciya ya tarar da wani gurbi wayam, ya gane cewa abin da yake ƙauna ba wannan jikin ba ne, wani abu ne da ya tashi ya bar gidan. Wannan ƙagaggen labari ne, Kawu, amma ka ce bai yi 'ya'ya ba? A ƙarni na 13 Ibnun Nafis, likitan nan da ya bayyana yadda jini ke bi ta huhu, shi ma ya rubuta nasa labarin a kan irin wannan tsari.

Kawu Sarkin Musu: To Malam, na ji ta hadisi, na janye wannan. Amma Ibnu Ɗufail darasi yake koyarwa. Dodon da ke taka benaye a fim wane darasi gare shi?

Maman Biyu: Kawu ai kuwa ka taɓo inda nake jira. Godzilla kake nufi, kuma wanda duk ya ga na asali, na 1954, ba zai ce wasan yara ba ne. A watan Maris na shekarar Amurka ta gwada bam ɗin haidurojin a tsibiran Bikini, tokarsa mai guba ta sauka kan wani jirgin masunta na Japan mai mutum 23. Shekara tara ke nan kacal bayan Hiroshima da Nagasaki. Watanni kaɗan sai ga fim ya fito, ya buɗe da jiragen ruwa suna ƙonewa a teku, dodon kuma gwajin bam ne ya taso shi daga inda yake kwance. Akwai inda aka nuna asibiti cike da raunanan mutane, likita ya kara wa yaro na'urar auna guba tana ƙara. Mutanen da suka zauna kallon wannan a Tokyo sun san abin da ake nuna musu. Abin da baki ya yi wa nauyi ne aka ɗora wa dodo ya faɗa.

Anti Mai Littafi: Maman Biyu ta gama magana, bari in ɗora kaɗan. Wells da ya kawo mayaƙan Mars suka mamaye Ingila a 1898, tun a babin farko ya ce wa mai karatu kafin ka zarge su ka tuna abin da Turawa suka yi wa mutanen Tasmaniya. Ɗan daular da ta fi kowa mallakar ƙasashe ne yake tambayar 'yan'uwansa, in wani ya zo muku da makamin da ya fi naku kamar yadda kuke zuwa wa wasu fa? Kalmar "robot" ma daga wasan kwaikwayon Karel Čapek ta fito a 1920, tushenta kalmar Cek ce mai nufin aikin tilas, zancen ma'aikata da masu masana'anta ne tun asali. District 9 na 2009 ya tara baƙin halittu a unguwar kwano a Johannesburg ana shirin tashinsu da ƙarfi, kowa a Afirka ta Kudu ya san wariyar launin fata ake nufi.

Wadda na fi so kuwa ba a cika ambatonta ba. Rokeya Sakhawat Hossain, Musulma 'yar Bengal, ta rubuta Sultana's Dream a 1905. Ƙasa ce da mata ke mulki, maza ne a kulle, ana girki da zafin rana da aka tara, da abokan gaba suka kawo yaƙi ma da hasken rana aka kore su. Gajere ne ƙwarai, zama ɗaya za ka gama, kana dariya kana jin ana tsikarinka.

Baban Hanifa: Anti, wannan na ƙarshen kar ya shigo gidana. Gardama ɗaya ta ishe ni.

Ɗan Fizis: Ni ina da ƙari a kan amfani, Kawu. Waɗannan labaran suna hango gaba. Verne daga Florida ya harba mutanensa uku, Apollo 11 ma a 1969 daga Florida ya tashi da mutum uku. Clarke tun 1945 ya bayyana yadda tauraron ɗan'adam zai tsaya saitin wuri guda a nisan kusan kilomita 36,000 yana isar da saƙo, yau da shi ake kallon tashoshi.

Anti Mai Littafi: A nan kam ban bi ka ba, ƙanena. Na Clarke maƙalar fasaha ce ya buga a mujalla, ba labari ba. Verne kuwa lissafi ya yi, ya ga kusa da layin da ya raba duniya kudu da arewa ya fi dacewa da harbi, ba duba ya yi ba. Muna tuna wanda ya dace ne mu manta ɗari da suka kauce. Blade Runner ya fito a 1982, ya ce labarinsa a 2019 yake. Motoci na tashi sama, an ƙera mutanen da ba a bambance su da 'ya'yan Adam, amma jarumin da zai kira mace sai da ya nemi wayar haya ta jikin bango. Ba wanda ya hango 'yar wayar da ke aljihun kowa. William Gibson ya zana duniyar da ake shiga cikin kwamfuta a yi sata a Neuromancer, 1984, da keken rubutu ya buga littafin, kuma a ciki har yanzu layin wayoyin haya ne ke ringi. Marubucin nan zamaninsa yake kallo ya ƙara masa gishiri. In ka auna shi da duba, ka zalunce shi.

Maman Biyu: To labarin ban tsoro fa, ina gidansa? Don ni Alien na 1979 a kumbo yake, amma ban yi barci ba ranar.

Anti Mai Littafi: Shi ba shi da gida, haya yake kamawa. Kimiyya da almara ana gane su da irin duniyar da suka gina, shi kuwa ana gane shi da abin da yake sa ka ji. Dracula na 1897 ya zauna a ɗakin almara, Alien a ɗakin kimiyya, wani ma ba aljani ba kumbo, mutum ne kawai da wuƙa.

Ɗalibin Zaure: Anti, akwai wani abu da ke damuna a rabon nan gaba ɗaya. An ce almara ita ce labarin abin da babu shi. To babu shi a wurin wa? Wanda ya tsara waɗannan rukunai ya ɗauka cewa aljani da dokin da ke da fukafukai duk jirgi ɗaya ne ya kwaso su. Ni kuwa aljani sura guda gare shi a Alƙur'ani. In marubuci ya sa aljani a labarinsa, a wurina bai fita daga duniyar gaskiya ba tukuna. Inda ya fara ƙage shi ne inda ya ce ga sunan sarkinsu, ga zoben da in ka murza zai zo ya gina maka fada kafin asuba. Ashe ke nan littafi guda zai iya zama almara a hannun wani, a hannun wani kuma labarin rayuwa ne da ɗan ƙari.

Anti Mai Littafi: Malam, wannan ita ce tambayar da ta fi duk wadda aka yi yau nauyi, kuma ba kai kaɗai ta dama ba. Marubutan Latin Amurka sun yi ta fama da ita. A littafin Gabriel García Márquez na 1967, na shekara ɗari na kaɗaici, wata budurwa tana taya ninke zannuwan gado a tsakar gida sai iska ta ɗauke ta ta yi sama, ba a ƙara ganinta ba. Matar gidan abin da ya dame ta shi ne zannuwanta da aka tafi da su, har addu'a take a dawo mata da su. A littafin dai, ran da aka fara kawo ƙanƙara garin, mutane suka taru suna taɓawa kamar sun ga mu'ujiza. Ka ga a nan ba a tambayar ko abin zai yiwu. Ana duba wa ya yi mamaki, kuma da me. In mutanen cikin labari ba su ɗaga gira ba, marubuci yana gaya maka cewa haka duniyarsu take. Nnedi Okorafor, wadda Binti nata ya ci kyautar Hugo ta labaran kimiyya da almara a 2016, har sunaye ta ƙirƙira wa rubutunta saboda wannan, don ta ce abin da mutanenta suka yi imani da shi ba za a jera shi da ƙagen da kowa ya san ƙage ne ba.

Ɗan Fizis: Tun da an zo nan, mu ma fa muna da namu. Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, 1969, shekarar da aka taka wata. Yaro ne wani baƙo daga sama ya ɗauka ya zaga da shi sararin samaniya. Ruwan Bagaja da Iliya Ɗan Maiƙarfi kuwa ɗaya ɓangaren suka fi karkata.

Ƙanwar Gizo: To bari in fasa ƙwai, in faɗi abin da ya kawo ni da gaske. Na rubuta labari babi 14, yarinya ce ta tsinci zobe. Na ba wata ƙawata ta karanta, ta dawo mini da shi ta tsaya a babi na 9. Na ce lafiya? Ta ce, "Ai na daina jin tsoro. An kulle ta, zobe ya buɗe. An sa mata guba, zobe ya warkar. Yanzu ko rijiya kika jefa ta na san zobe zai zama igiya." Wallahi kwana biyu ban kula ta ba. Ni a zatona tun da almara ce, komai ya halatta.

Anti Mai Littafi: Ki riƙe ƙawar nan da kyau, ta fi masu yabo goma. Ƙanwata, mai karatu zai yafe miki ƙarya ɗaya komai girmanta, in kin faɗe ta da wuri kuma kin tsaya a kanta. Abin da ba ya yafewa shi ne ki riƙa sabunta ta duk lokacin da kika shiga matsi. Zoben da ke littafin Tolkien, The Lord of the Rings, abu kaɗan yake yi wa mai shi, ya ɓoye shi daga ido. Amma duk sawa ɗaya maƙiyi na ƙara gano inda yake, zoben kuma na ƙara cin zuciyarsa, har a bakin dutsen wuta, bayan duk wahalar, wanda ya ɗauko shi don ya hallaka shi ya kasa jefa shi. Ƙarfin labarin a kuɗin da ake biya yake.

Ki koma Dare Dubu da Ɗaya ki duba labarin dokin katako. Wani masani ya kawo wa sarki doki da ya sassaƙa, yana tashi sama. Ɗan sarki ya haye, aka nuna masa maɓallin hawa, ya murɗa ya yi sama bai tsaya tambayar na sauka ba. Yana can ƙasa na ƙanƙancewa a ƙarƙashinsa, ya shiga laluben jikin doki har ya dace da ɗaya maɓallin. Duk daɗin wurin daga doka ɗaya ya fito: dokin ba ya jin magana, ba ya tausayi, abin da ka murɗa shi yake yi. Ɗan Fizis ma ya gaya mana, wannan kimiyya ce ko almara?

Ɗan Fizis: Anti kin ɗaure ni. A kan ma'auninki na ɗazu kimiyya ce, tun da ƙera shi aka yi kuma kowa ya koyi maɓallin zai tuƙa. Kuma maganar kuɗin da ake biya haka take a ɓangarenmu. A Interstellar na 2014 matuƙan kumbo sun sauka wata duniya da ke kusa da baƙin rami, wato wurin nan a sararin samaniya da nauyinsa ke haɗiye har haske, inda awa ɗaya ke daidai da shekara 7 a nan. Wannan ba ƙage ba ne a asalinsa, nauyi na rage gudun lokaci, kuma Kip Thorne da ya ba su shawara ya zo ya ci kyautar Nobel a 2017. Amma ba lissafin ne ya kama ni ba. Sun yi ɗan kuskure sun ɓata sa'o'i kaɗan, suka dawo kumbo suka tarar da abokinsu da furfura, shekara 23 sun wuce. Jarumin, wanda ya baro iyalinsa a duniya, ya zauna gaban allo yana kallon saƙonnin da suka taru, ɗansa na girma a gabansa cikin mintuna, ya yi aure, ya haihu, ya binne ɗa. Da a ce marubucin ya tausaya masa ya mayar da agogo baya, da fim ɗin ya mutu a nan.

Kawu Sarkin Musu: Wato dai ƙaryar ma sai mai riƙon alkawari. To ni har yanzu tarihi na fi so. Amma Malam, wannan na yaro da barewa, in akwai fassararsa a turo mini.

Ƙanwar Gizo: Na gode Anti. Na yanke shawara, duk sa zobe ɗaya za ta manta mutum ɗaya da ta sani, kuma ba ita ke zaɓar wa ba. Sai dai hakan na nufin daga babi na 3 zan sake. Allah ya isa tsakanina da ƙawar nan.

Baban Hanifa: Jama'a, an koma gidan jiya. Na ba Hanifa waya ta karanta duk abin da kuka rubuta, na zauna ina jiran a ba ni haƙuri. Ta gama ta ce Anti ce ta ba ta nasara da hannunta. Wai a fim ɗin Star Wars da ya fito a 1999 an ɗebi jinin wani yaro an sa a na'ura, aka ƙirga wasu ƙwayoyin halitta da ke ba da ƙarfin nan, aka samu nasa sun haura 20,000. Ta ce abin da ake aunawa a jini da na'ura ai ba tsafi ba ne. Ɗan Fizis, kana ina? Ka zo ka amsa mata, ni na fita sallah.